Takardar Gidan Umma

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Bayan haka, mai kimanta gidaje na bankin da muke neman rance a wurinsa ya zo ya duba gidan hayarka da muka gyara. Na nuna masa sabon tayil da famfo da wayoyin wuta. Ya ce aiki ya yi kyau, amma shi kuɗin da aka sayar da gidajen layin kwanan nan yake dubawa. Biyu aka sayar, duka ƙasa da farashin bara. Ya kuma tambayi dalilin da ya sa sassan gidan huɗu duk babu kowa. Na ce umarninka ne.

Ina tuna maka cewa wa'adin bashin gyaran ƙarshen watan gobe ne, kuma takardar gidan Umma ce jingina a hannun mai bashin. Da rancen bankin nan kawai za a karɓo ta.

Na bar ka lafiya.
Ɗanka

Malam Digiri,

Ina gaida kai da fargabarka. Kai tun kana goye haka kake, ko ƙofa aka buga sai ka firgita. Ɗan haya da sabon fenti ba sa ga maciji da juna. In na zuba mutane kafin banki ya gani, yara za su zane bango, a kafa ƙusa ko'ina. Mota ma sai an wanke ake kai ta kasuwa. Yaya ta ba ni takardarta ba tare da ta tambaye ni komai ba, kai kuma ɗanta ka ishe ni da lissafi. Ka gaishe ta.

Kawunka

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa, amsar banki ta fito. Na karanta sau biyu, sannan na je da kaina. Sun yi wa gidan kima ƙasa da kuɗin da ka saye shi kafin gyara, kuma kashi sittin cikin ɗari na kimar za su bayar. Jami'ar ta ce da akwai 'yan haya da rasit na wata shida, da sun duba kuɗin hayar sun ƙara. Gidan da babu kowa, a wurinsu bai kawo komai ba. Na tambaya ko za a iya sa mutane yanzu. Ta ce a sa, a dawo bayan wata shida.

Abin da za su bayar ba zai kai rabin bashin ba. Na roƙi mai bashin ya ƙara lokaci. Ya ba ni kujera da ruwa, ya ce a'a. Ya riga ya turo wani ya auna gidan Umma daga waje. Ta ɗauka ma'aikacin ruwa ne, ban gyara mata ba.

Jiya ta ce in tambaye ka yaushe takardarta za ta dawo. Me zan ce mata?

Allah ya ƙara girma.
Ɗanka

Ɗana,

Na gaishe ka. Kada ka ce mata komai, ni zan zo Asabar in faɗa mata da bakina. Kafin nan ka share sashen ƙasa na gidan hayar, mai taga biyu, ka sa labule. Yaya ba ta iya hawa bene.

Kawunka