Maɓallin da Bai Kashe Muryar Inna Ba

Zuwa ga Shugaban cibiyar koyar da matasa kwamfuta da ke Minanata, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaishe da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Allah Ya sa wannan ta same ku cikin lafiya da kwanciyar hankali, abin da mu muka rasa a gidanmu kwanakin nan.

Ni tela ne a wajen Ƙofar Taramniya. Shagona a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana shiga tsakar gida. Ba zan sa sunana ba, ba zan kuma faɗi sunan ƙauyenmu ba, kafin ka kai ƙarshe za ka ga dalili. Na zo ofishinka ban same ka ba, na bar saƙo ba a neme ni ba, shi ya sa na fito fili. Da ni kaɗai abin ya shafa da na haɗiye. To akwai gidaje da yawa a garin nan da ke cikin halin da na tsinci kaina, kuma har yanzu ba su sani ba.

Na farko, yadda na shigo hannunku. Na kawo muku tsohuwar kwamfutar ɗorawa a cinya da wana ya bar mini, wadda ta tsufa har sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Malamanku suka ce za su cire babbar manhajar da ke tafiyar da ita su sa mata ta kyauta, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Suka sa, kuma ta farfaɗo, wannan alheri ne ba zan ɓoye shi ba. Suka sa mini wasan ƙwallo da na yaƙi da ake bugawa da mutane ta intanet, suka shigar da ni ɗakin hira na murya da cibiyarku ta buɗe wa 'yan wasan Sakkwato. A wurinku na sayi hedifon, abin nan da ake kifawa a kunne mai ɗan makirfo a gefen baki. A jikin wayarsa akwai wani jan maɓalli. Malamin da ya miƙo mini shi ya ɗaga ya nuna mini, ya ce in na tura shi ƙasa, ko ganga ake bugawa a ɗakin ba mai ji. Na yarda, don ni allura da zare na sani.

Na biyu, abin da ba ku sa a lissafi ba, wato yadda muke zaune a gidajenmu. Ni ba yaro ba ne, ina da mata da 'ya'ya. Wasan nan na rage zafi ne tsakanin azahar da la'asar, in an ɗauke wuta keken ɗinki ya tsaya. Amma komai girmana, in mahaifiyata, Inna, ta ɗaga labulen ƙofar ciki, ba na iya sauraronta ina kan kujera da abu a kunne. Sai in tura jan maɓallin nan, in tuɓe hedifon in rataye shi a wuyan keke, in sauko ƙasa in durƙusa. Haka aka tashe mu, kuma na tabbata kai ma haka kake yi wa taka. Ita kuwa Inna shagon nan ne majalisarta. Ba ta son maganar gida a tsakar gida saboda kunnen yara da na surukai, sai ta shigo ta tura ƙofar titi, ta zauna kan buhun ƙyallaye, a ganinta duk gidan babu inda ya fi nan sirri. A nan ake maganar ciwo, da auren da ake nema, da gonar gado, da wan nan nawa da ke aiki a kamfanin siminti a Kalambaina, wanda ake yi wa kallon mai hali don kawai yana ɗaukar albashi. Kwamfuta tana buɗe a kan tebur, ni kuma hankalina kwance, ai na danna ja.

A ɗakin hira aka fara kirana Ɗan Inna. Na ɗauka tsokana ce kawai, don a Sakkwato wane ne ba ɗan Inna ba? Har amsawa nake yi ina dariya.

Na uku, ranar da abin ya fito. Da kaka ta yi, Inna ta shigo ta ce za ta ƙauye duba yayanta da ke jinya, ta kuma ga geron da aka yanke mata. Ta faɗi ranar, ranar kasuwar garin ce. Ta faɗi tashar, ta faɗi direban da za ta bi, ta ce in gaya masa gaba za ta zauna saboda ƙafarta. Ka san yadda hanyoyin ƙauyukanmu suka zama, yanzu ko maƙwabci ba a gaya wa ranar tafiya, shi ya sa ma ta rufe ƙofa kafin ta yi maganar. Ranar ta zo, da sassafe aka yi rasuwa a maƙwabta, Inna ta kwance kayanta ta tafi gidan gaisuwa.

Washegari da rana na shiga ɗakin hira. Akwai wani da muka saba gani a ciki, ba shi da hoto, sunansa wasu alamomi ne da ba sa karantuwa. Ba ya buga wasa, ba ya magana, kullum dai yana nan. Mun ɗauka wani ne ya shiga ya manta bai fita ba. Ranar ya yi magana. Muryar babban mutum ce, a natse, da harshen garin nan, babu wasa a cikinta. Ya ce: "Ɗan Inna, ƙaƙa tsohuwa? Mi yah hana ta tahiya jiya? Mota ta wuce, ba a gan ta gaba ba."

Kafin in haɗa kalma ya fita. Ranka shi daɗe, tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na kira Bulus, abokina tun firamare, mai haɗa wayar wuta, wanda shi ma yana ɗakin hirar a lokacin. Ya ce ai sun daɗe suna jin komai na shagona, ƙarar keke, cinikin mata masu kawo ɗinki, da muryar Inna. Wasu sun zaci na sani, wasu kuma daɗin hirar tsohuwa suke ji suka yi shiru. Ya rantse bai taɓa kawowa a ransa akwai mai saurare da wata manufa ba, na kuma yarda da shi. Ya zo shago muka gwada. Ya fita titi ya shiga ɗakin hirar ta wayarsa, na tura jan maɓallin na yi tari, ya ji. Na zare hedifon ɗin gaba ɗaya daga jikin kwamfuta, ya ji. Muka yi ta lalube har na ɗora yatsa kan wani ɗan rami kusa da idon kyamara, ƙanƙane kamar kafar allura, sai muryata ta dushe. Ashe kwamfutar tana da nata makirfon a jiki, kuma shi manhajar da kuka sa ta zaɓa tun ranar farko. Ji kawai nake yi da hedifon ɗin. Maɓallin da na dogara da shi yana kashe makirfon da ba a taɓa amfani da shi ba ne.

Na je tasha na sami direban. Ya ce lafiya lau suka isa, sai dai a inda kwalta ta ƙare motoci ke rage gudu, wasu mutum biyu a kan babur sun jera da shi, na bayan ya leƙa kujerar gaba, ya leƙa ta baya, sannan suka juya suka shiga daji. Ban ce su ne ba, don ban gani da idona ba. Amma tun ranar ban ci abinci ya yi mini daɗi ba. Na kai magana wurin mai unguwa da jami'an tsaro, suka karɓe ni da mutunci, suka nemi suna ko lambar waya, ni kuwa ba ni da ko ɗaya.

Na huɗu, amsar da na samu a cibiyarku, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai. Mataimakinka ya saurare ni yana latsa waya. Da na gama ya yi murmushi, ya ce ai daɗin manhajar kyauta ke nan, komai a buɗe yake, mutum ya shiga saiti ya zaɓi makirfon da yake so. Ya jawo kwamfutar ya gyara kafin in gama zama. Abin da ya jefa gidana cikin wannan hali, gyaransa bai kai sa maɓallin riga ba, kuma ba wanda ya ga ya dace a yi shi ranar da aka miƙo mini ita. Na tambaye shi sauran waɗanda kuka sa wa fa? Ya ce duk wanda ya kawo ƙorafi za a gyara masa. Don Allah, Malam Shugaba, wanda bai san ana jin sa ba, me zai kawo shi ƙorafi? Na tambaye shi wane ne mai shirun nan, ya ce ɗakin na kowa ne, duk wanda aka tura wa adireshinsa yana iya shiga, ba su san kowa ba.

Ba manhajar nake zargi ba, ita abin da aka saita mata take yi. Ku nake zargi, da kuka ba mu tabbacin abin da ba ku gwada ba, kuka kuma buɗe ɗaki da sunan cibiyarku kuka bar shi ba mai gadi. Yadda aka saita tawa, haka nake kyautata zaton aka saita na sauran, don malamai ɗaya ne, hedifon iri ɗaya ne. Yanzu haka da nake rubutun nan, akwai wani a wata unguwa da ya tura jan maɓalli ya durƙusa gaban mahaifinsa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A rufe ɗakin hirar nan yau, kada a sake buɗe shi sai an san fuskar duk wanda ke ciki. A nemi duk wanda kuka sa wa manhajar nan, ta waya, ta rediyo, ta bakin limamai da fastoci in ta kama, a gaya masa ya rufe kwamfutarsa har ya kawo a duba. In aka gyara, a gwada a gabansa, ya yi magana wani ya saurara daga waje, kada a ce masa ya yarda kawai. Duk abin da na'urorinku suka riƙe game da mutumin nan, komai ƙanƙantarsa, a miƙa wa jami'an tsaro. Kuma ina so ka kira ni da kanka, mataimakinka yana da lambata.

Gaggawar da nake yi tana da dalili. An aiko daga ƙauye cewa jikin yayan Inna ya yi tsanani, kuma sunanta yake kira. Ni da wana mun durƙusa mun roƙe ta, mun gaya mata komai. Ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce: "Ba ni barin wana shi cika ban gan shi ba don wata murya ta cikin akwati. Ku nemo min mota."

Ba a yi wa Inna musu, kuma gaskiya tana gare ta. Za ta tafi, ni zan raka ta. Mun sauya direba, mun sauya tasha, amma hanyar shiga ƙauyenmu guda ɗaya ce, kuma mutumin nan ya san sunan garin, ya san gidan da za ta sauka, ya san tana da ɗa mai albashi. Ranar tafiyar ba wanda ya faɗe ta da baki a gidanmu. Da yatsu Inna ta nuna mini ita, a cikin ɗakinta, bayan ta sa an fitar da wayar kowa.

Allah Ya ba ka ikon yin abin da ya dace tun da sauran lokaci, Ya tsare ka da iyalinka, Ya rufa asirin gidanka. In ka idar da salla ka sa mu a addu'a, Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da tsohuwar nan ɗakinta.

Wassalam.

Naka,
Wani tela daga Ƙofar Taramniya, Sakkwato.