Inna a Gaban Labule

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma nan lafiya lau. Ina mai sanar da ke, cikin nutsuwar da lamarin ya cancanta, cewa an gasa wa mahaifiyarmu gwiwa da tawul mai ɗumi a sararin samaniya, kuma tun ranar take yi mana kallon mutanen da ba su waye ba.

Kin tuna musunmu a waya, da likita ya ce a kai Inna babban asibiti a duba gwiwar kafin a sa ranar yi mata aiki, kika nace sai kujerar gaban jirgi. Ni kuwa na yi bincike kamar mai neman digiri. Kuɗin ya kusa ninka na baya sau uku, a tafiyar da ba ta kai tsawon sallamar Inna da maƙwabciyarta a bakin ƙofa ba. Ribar kawai ɗan wurin miƙe ƙafa, lemo a kofin gilashi, da labulen da zai raba ka da 'yan uwanka talakawa. Na ce miki ban taɓa jin jirgin da kansa ya sauka ya bar wutsiya a sama ba. Kika ce kuɗinki ne, na ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kin kuma san rantsuwar da Inna ta yi, cewa in tafiyar nan ta wahalar da gwiwarta ba za ta koma a yi mata aikin ba, ko da rarrafe za ta ƙarasa rayuwa.

Ni dai can baya na zauna, gwiwoyina a haɓa, kusa da wani ƙato mai minshari. Muna tashi sai ga ma'aikaciyar jirgi tana cigiyar ɗan Hajiya, mai sanƙo. Ta miƙo mini rabin kek, ta ce Hajiya ta ce na fito ban karya ba. Kowa ya waiwayo ya kalli sanƙon. Can ta dawo, wai Hajiya na tambaya ko na ɗaura bel, don tun ina yaro ba na jin magana. Daga nan saƙo ya ɗauke. Hankalina ya tashi, na tsallake ƙaton na leƙa labulen. Auta, barci take yi, ƙafar a miƙe, baki a buɗe. Matar da ta yi watanni ba ta runtsa ba sai da nishi.

Da likita ya sa ranar aiki, ko gardama ba ta yi ba. Tambayarta ɗaya, ko a kujerar nan za a dawo da ita. Yanzu a falo sai ta riƙa danna hannun kujera tana neman maɓallin kwantar da kujerar, in ta rasa ta ja tsaki ta sa miki albarka.

Ki gaida maigidan, da 'Yan Biyu, da Sarkin Kuka. Matata da Dogo da Kawu mai kanti suna gaishe ku. Batun kujera kuwa, ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure. Inna za a yi wa aiki, sai ki fara tara kuɗin tikiti.

Naki,
Yaya