Abin da Na Yanke Daga Waƙar Mma

Maamobi, Accra

Zuwa ga yayana abin girmamawa, Issaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Basma da Jamaluddeen, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Italiya da tsayuwar aikin kamfani. Mu nan gida sai godiya. Mma tana nan da sauran ƙarfinta, illa gwiwar nan da ke tasar mata idan an yi ruwa, da numfashi da ya fara yi mata gardama in ta yi doguwar magana. Yaya Muniratu ta mayar da teburin wakenta bakin titi, yanzu kafin ƙarfe goma tukunya ta ƙare. Ni ma ina nan a shagona na Kawukudi, ina fama da wayoyin mutane da fushinsu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannun wanda sana'arsa gyaran waya ce. To, kai ka ja. Wata biyu ke nan ina tura maka saƙon murya, ina ganin alamar sun isa, ba ka buɗe ko ɗaya ba. Wannan bai dame ni sosai ba, ni ƙaninka ne, ka saba share ni tun ina rarrafe. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ka daina kiran Mma ranar Juma'a, kiran da ba ka taɓa fashinsa ba shekara goma sha huɗu. Shi ya sa da na ji Alhaji Bukar maƙwabcinku zai koma Italiya, na roƙe shi ya damƙa maka wannan hannu da hannu, tare da ɗan katin memori da na naɗe a ciki. Ka daure ka karanta har ƙarshe, domin laifin da ka ɗora wa Mma nawa ne.

Ka san ciwon da ya kama ni shekara biyun nan, tunda kai ma ka sha yi mini dariya a kansa. Wani Bafarafare ne ya kawo mini wayarsa gyara, da na kunna don gwaji sai na ji kakansa yana kaɗa kologo, tsirkiya biyu kacal da murya duk tsufa, amma na kasa kashewa har sai da mai wayar ya gaji da tsayuwa. Daga ranar na lalace. Na samo tsohuwar kwamfuta da makirufo a kasuwar Circle, na manne bangon ɗakina da kwalin ƙwai, na jingina tsohuwar katifa a taga don kada hon ɗin trotro, motocin hayar nan, ya shigo. Na riƙa bin tsofaffin masu gurmi da goge lungu lungu, daga Nima har Kotobabi, ina lallashinsu su zo in naɗi muryarsu. Mutanen nan, Yaya, ba su da kamfani, ba su da mai tallata su, gidan rediyo bai san da zamansu ba, amma idan ɗayansu ya buɗe baki sai ka ji kamar an zaunar da kai gaban kakanka. Abokaina sun ce na zama ɗan shekara talatin mai kunnen ɗan tamanin, ni kuwa ko a jikina.

Yaya Muniratu ce ta ce mini wata rana ba ta taɓa ganin wawa irina ba, ina yawon neman mawaƙa a gidajen mutane alhali wadda ta fi su duka tana tankaɗen gari a tsakar gidanmu. Gaskiya ta faɗa. Na san Mma tana kiɗan ƙwarya a bukukuwan suna da na aure tun kafin a haife ni, amma ban taɓa zama na ji ba, don wurin mata ne, mu maza muna waje kan benci muna jiran shinkafa. Kai kuwa ko bencin ba ka zama. Mma Nafi, aminiyar Mma, har yau tana ba da labarin yadda kake canza hanya in ka hango taronsu, saboda yaran makarantarku suna kiran ka ɗan mai ƙwarya. Ban kawo wannan don in tsokane ka ba, na kawo ne don ka ga ni da kai jahilcinmu ɗaya a kan waƙar uwarmu.

Da na roƙe ta, abu na farko da ta tambaya shi ne ina matan za su zauna. Na ce mata ɗakin ba zai ɗauke su ba, kuma hayaniya tana ɓata aiki, ita kaɗai nake so. Ta ce ba a yin waƙar nan mutum ɗaya. Na nace, na yi ta yi mata bayanin na'ura kamar wani babban masani, har ta gaji ta yarda don kawai in ƙyale ta. Ta zauna kan tabarma, ta kifa ƙwaryarta cikin ruwan baho, ta ƙi sa abin sauraro na kunne wai zai ɓata mata ɗaurin kallabi, sannan ta kama doguwar waƙar nan ta rayuwarta, tun fitowarta daga Ƙonni tana amarya a bayan motar albasa, da zaman Baba a Agbogbloshie, da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Tsigar jikina ta tashi. Sai dai na lura sau huɗu tana tsayar da murya ana tsakiyar baiti, hannu yana ci gaba da kiɗa, baki a rufe, kamar tsawon numfashi biyu, sannan ta ɗora.

A nan na tafka wautar. Da na zauna gaban kwamfuta na ga layin murya ya kwanta a wurare huɗun nan, sai tausayi ya kama ni, na ce tsufa ne, Mma ta fara manta baitocinta. Na ƙudura zan rufa mata asiri. Yini guda na ɓata ina yankewa ina haɗa kiɗan baki da baki yadda ko makaɗi ba zai gane an taɓa ba, kuma na yi alfahari da aikin. Da wurin ajiya ya ƙare mini a kwamfutar, na goge na asalin. Sannan, saboda zumuɗi, na tura wa dangi duka kafin ita mai waƙar ta ji.

Amsarka ce ta fara shigowa, kuma har yanzu ina iya maimaita ta. Ka ce ka san kunyar ɗan fari, shekara arba'in da shida Mma ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da kai kamar yadda take yi da mu ba, kuma ka haƙura don haka aka tarar. Amma waƙar da jikoki za su gada, wadda aka ambaci Muniratu, aka ambaci marigayiya Sharifa, aka ambace ni, aka ambaci har direban motar albasa, a ce babu ko inuwarka a ciki, wannan ya nuna maka matsayinka. Maimakon in ji ciwon da ke cikin maganar, sai na hau dokin zuciya na mayar maka da cewa wanda ya gudu daga ƙwarya ba shi da bakin neman suna a cikinta. Wannan magana ba ta dace daga ƙani zuwa wa ba. Na yi nadama, ka yafe mini.

Bayan kwana biyu na kunna wa Mma, ina jiran yabo. Tana ji tana kaɗa yatsa a gwiwa, da aka zo wuri na farko sai yatsan ya tsaya. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta tambaya wa ya taɓa mata waƙa, na ce ni ne, na ɗan gyara inda ta manta. Ta dube ni wani irin kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta tashi da ƙyar ta shige ɗaki, ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Da na rasa gane kanta na tafi wurin Mma Nafi. Sai da ta wanke ni tas, da Hausa da Twi, da suka ƙare mata har da yaren Ga, kafin ta yi mini bayani. Ta ce wuraren nan huɗu naka ne. Tun ranar sunanka a Nima Mma ta tsara waƙar haka: tunda bakinta ba zai iya furta sunan ɗan fari ba, sai ta kawo baitin har bakin sunan ta yi shiru, 'yan amshi su ɗaga murya su kira shi a madadinta. Kowannenmu sau ɗaya yake fitowa a waƙar, kai kaɗai ne sau huɗu. Ta ce babu bikin da suka je a shekarun nan, har bayan tafiyarka, da ba a kira Issaka a cikinsa ba. Ni na hana matan shigowa, wurin ya zama fanko, sannan na bi fankon na yanke.

Yaya, na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba. Na so in sake naɗa a ɗaki, Mma ta ce ita da ɗakin kwalin ƙwai har abada. Ana haka sai lokacin wasanmu ya zo. Akwai taron da mu masu wannan ciwo muke haɗawa duk bayan wata biyu a filin wata makaranta nan Maamobi, daga La'asar zuwa kiran Magariba, rumfa ɗaya da kujerun roba da lasifika biyu na aro, kowa ya zo da abin kiɗansa. Na roƙi Mma ta fito. Ta ce ba ta taɓa waƙa gaban maza ba, ba kuma za ta fara da furfura ba. Mma Nafi ce ta shawo kanta, da sharaɗin mata za su kewaye ta. Cikin su goma sha biyar da suke yawon biki tare, shida suka rage a raye. Ɗaya daga Ashaiman ta taso, trotro uku ta hau da sandarta.

Ina ma kana wurin. Mai kologo ya buɗe, wani Badagombe ya ja goge har tsofaffi suka fara share ido, sannan aka shimfiɗa tabarmi aka kawo baho. Babu abin da na tsana a ɗaki da bai hallara ba: janareto yana ruri, yara suna guje-guje, mai gyaɗa tana talla, wani yana ta faɗa a waya. Mma ta fara a hankali, muryar tana rawa, na tsorata. Da matan suka karɓa sai ta miƙe zaune, muryar ta buɗe, na ji abin da makirufona bai taɓa samu ba a ɗaki. Aka zo wuri na farko, ta yi shiru, tsofaffin nan shida suka kira sunanka da wata irin guɗa a bayansa. A na biyu matan da ke kan kujeru suka shiga. Kafin na huɗu filin gaba ɗaya ya gane, har mutanen Ga da Farafara da ba su san ko kai fari ne ko baƙi ba, kowa jira yake ta yi shiru ya kira Issaka. Mma ta sunkuyar da kai, ta bar mayafi ya zamo ya rufe mata fuska, amma hannunta bai kuskure bugu ɗaya ba. Yaya Muniratu tana gefe tana kuka a fili. Ni ma na manta da na'urar da nake naɗa da ita, shi ya sa za ka ji sautin ya fashe a daidai nan.

Abin da ke cikin katin ke nan. Ban taɓa komai ba, da janareto da mai gyaɗa da tarin da Mma ta yi kusa da ƙarshe, duk suna nan. Da muka dawo gida ta ce wannan ne na ƙarshe, numfashinta ba zai ƙara kai waƙar nan gaci ba, kuma na ga alamar ba wasa take ba. Ba na ce ciwon shekara arba'in da shida zai warke da waƙa ɗaya ba, ni auta ne, an goya ni an shagwaɓa ni, ban san abin da ka ɗanɗana ba. Roƙona kawai ka samu wuri ka saurara, sannan ka kira ta. Kada ka yi mata maganar waƙar, kunya za ta sa ta miƙa wa wani wayar. Ka gaishe ta kamar yadda ka saba, ka tambayi gwiwarta, ta amsa maka a gajarce kamar yadda ta saba.

Ka gaishe mini da Anti Basma da kyau, ka ce na gode da haƙurin da take yi da halin gidanmu. Ka shafa mini kan Jamaluddeen. Yaya Muniratu da maigidanta Osman suna gaishe ka, haka Kawu Awudu da mutanen masallacin layinmu. Mma Nafi ta ce in gaya maka maƙogwaronta ya gaji da kiranka, ka zo ka amsa tun tana da rai. Mma ba ta ce in gaishe ka ba, ka kuma san ba za ta ce ba. Amma da na gaya mata Alhaji Bukar zai tashi jibi, sai ta tambaye ni ko a ƙasar da yayanmu yake ma Juma'a rana ɗaya take faɗowa da tamu. Na ce mata rana ɗaya ce.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙaninka mai neman afuwa,
Muftahu