Malam Nu'uman Ya Riga Talabijin

Birnin Kudu

Zuwa ga Babana, Alhaji Ishiyaku Direba, Gwaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da kowa na gida. Mun iso lafiya, maigidana Hafiz yana gaishe ku.

Na ba Rilwanu direba takardar nan ne saboda jiya na kira ka a waya, na yi ta kwaɗa "Baba, Baba" har maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko lafiya, kai kuwa kana ta ba ni amsar abin da ban tambaya ba. Tunda motocin Gwaram kullum suna hanya, kuma direbobinsu duk yaranka ne, gara mu koma takarda.

Na san ba da son ranka Hafiz ya sauke dish ɗin nan daga kan zaure ba. Na ga yadda ka tsaya kana kallonsa kamar ranar da aka sayar da tsohuwar motarka. Amma kowane wata ana biyan tashoshi barkatai, kai kuwa ƙwallo kaɗai kake kallo, kuma da hadari ya haɗu sai hoto ya ɗauke. Yanzu ta intanet wasan zai riƙa zuwa maka kai tsaye. Ka kunna 'yar farar na'urar da ke kan taga, ka jira fitilarta ta koma koriya, sai ka danna maɓallin da na liƙa wa jan salatif a jikin rimot. Data a wuyana take, kada ka sa wannan a ranka.

Fargabata ɗaya ce, kada majalisarku ta Asabar ta watse ta dalilina. Ka gaida min Baba Malam Nu'uman, ka ce masa ƙungiyarsa ko a intanet ɗin ma kashi za ta sha.

'Yarka,
Rahamatu

Gwaram

Zuwa ga 'yata Rahamatu.

Amin, wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Allah ya yi miki albarka ke da mijinki.

Kafin komai, kunnena lafiyarsa ƙalau. Wayoyin yanzu ne ba su da murya.

Abinku ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Ranar Asabar aka yi ruwa mai ƙarfi tun daga wajen Farin Dutse har cikin gari, mu kuwa muna zaune muna kallo, hoton ko gezau bai yi ba. Ibrahim tela har ya fita ya duba rufi, wai bai yarda babu dish ba. Zaure ya cika, Innarki ta aiko da shayi da gyaɗa kamar yadda aka saba.

Sai dai akwai wani abu da ya ɗaure min kai. Kin san Malam Nu'uman. Tare muka yi ƙuruciya, ni na bi mota, shi ya bi karatun gidansu, kuma ban taɓa ganin ranar da ya fi ni sanin ƙwallo ba. To, ƙwallo tana tsakiyar fili, ana ta 'yan buge-bugen banza, sai kawai ya daki cinyarsa ya ce an ci. Duk muka juya muna kallonsa. Ba a jima ba sai ga ta a raga. Na ce dace ne. Bayan hutun rabin lokaci ya sake, wannan karon har da tafi, alhali mai tsaron gida yana tsaye yana gyara safar hannu. Ita ma ta shiga.

Su Ibrahim sai dariya suke ƙasa-ƙasa. Na tambaye su mene ne, suka ce ba komai. Ni dai na isar masa da saƙonki, ya ce in gaya miki tun kina goye kike goyon bayan ƙarya.

Ki gaida Hafiz. Allah ya tsare.

Mahaifinki,
Ishiyaku

Gwaram

Rahamatu,

Salamu alaikum. Ban jira amsarki ba, don raina a ɓace yake.

Ya sake yi. Asabar ta biyu ya yi, ta uku ma ya yi, bai taɓa kuskure ba, mutane suna ta ƙyaƙyatawa a zaurena ban san abin da suke wa dariya ba. Ba ki san zafin wannan ba, ka ga bakin mutane a buɗe, kai kaɗai aka bari a baya.

Jiya da ya ce an ci, na miƙe na tsaya a kansa. Na ce, "Malam, ƙasa ka fara bugawa ne, ko rauhanai ke kawo maka labari? In idonka ne ya gani, nuna min inda ƙwallon take yanzu." Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon talabijin. Sai ya tashi ya fita ko sallama babu, har ya zura takalman Ibrahim ya tafi da su.

Na san magana ce mai nauyi ga mutumin da ke koyar da 'ya'yan jama'a Alƙur'ani. Amma ko dai hakan ne, ko kuwa an cuce ku an sayar muku da tsofaffin wasanni, kowa ya riga ya gani sai ni. Ki tambayi Hafiz ya faɗa min gaskiya.

Mahaifinki

Birnin Kudu

Zuwa ga Babana.

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaisuwa, kuma ina neman afuwa tun kafin in fara, don da muka karanta takardarka ni da Hafiz sai da muka yi dariya. Daga baya na bar dariyar, na zauna rubuta maka wannan.

Ba duba ba ne, ba kuma tsohon wasa ba ne. Laifinmu ne da ba mu gaya maka ba. Wasan da ke zuwa ta intanet yana ɗan makara, wani lokaci kusan minti guda, kafin ya iso. Gidan kallon da ke bayan katangarku kuwa har yanzu dish suke amfani da shi. Duk cin da aka yi, samarin can suna riga ku gani, su ɓarke da ihu. Kowa a zauren yana jin ihun nan, Baba, ban da kai. Ka yi haƙuri da na faɗa haka kai tsaye.

Ina ganin Baba Malam zolayarka kawai yake, kamar yadda kuka saba tun kafin a haife ni. Amma ka jingina masa bugun ƙasa a gaban mutane, kuma ka san gidansu da abin da suka tsaya a kai. Don Allah ka taka ka je. In kuma kana so a mayar da dish ɗin, Hafiz ya ce zai zo ya ɗaura. Babu wasan da ya kai zamanku.

Ka gaida Inna.

'Yarka,
Rahamatu

Gwaram

Zuwa ga Rahamatu, daga Innarki.

Salamu alaikum, ya gida, ya aikin asibiti? Ki yi haƙuri da rubutuna, na makarantar yaƙi da jahilci ne. Takardar nan ke kaɗai.

Babanku bai je ba. Ya ce tunda zolaya ce, wanda ya yi zolayar shi zai zo. Majalisa kuwa ta watse, don dama musun su biyun nan ake zuwa sha, ba ƙwallon ba. Asabar ɗin nan na leƙa na same shi shi kaɗai, talabijin na ta yi, shi kuwa ƙofa yake kallo. Shayin ma har ya huce bai taɓa ba. Tausayinsa ya kama ni, na koma ciki na yi hawaye.

Shi ne na yafa mayafi na je wajen Hajiya Munawwara, matar Malam. Da ƙyar ta faɗa min, sai da ta rufe ƙofa. Rahamatu, Malam ba ya gani. Yanar ido ce ta rufe masa gani tun bara, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Ba wanda ya sani sai ita. Karatu a kansa yake, da ka yake biya wa ɗalibai, littafin a buɗe a gabansa don kada a gane. Hanyar masallaci da ta gidanmu ƙafarsa ta san su. Tsoronsa kada a ce ya zauna a gida, a ba wani makarantar.

Ƙwallon ma da kunne yake binta. Da can in ihu ya tashi a bayan katanga, daidai yake da abin da ke talabijin ɗinku, sai ya daki cinya tare da kowa. Bai san naku ya koma makara ba. Ya ji dai ana dariya, ya ɗauka raha ce. Ta ce maganar rauhanai ko a jikinsa, ya san bakin Alhaji. Abin da ya karya shi shi ne da aka ce ya nuna ƙwallo ya kasa. Yana ganin kowa ya gane, kunya ta hana shi dawowa.

Ni ba zan iya gaya wa Babanku ba. In zan yi masa magana sai na ɗaga murya, unguwa duka ta ji asirin bawan Allah. Ke ki rubuta masa.

Allah ya yi muku albarka.

Innarki,
Kubra

Birnin Kudu

Babana,

Assalamu alaikum. Ka karanta wannan kai kaɗai.

Na yi kuskure da na ce zolaya ce. Baba Malam idonsa ne ya tafi, yanar ido ce ta rufe shi, kuma yana ɓoyewa saboda makaranta. Ba ya ganin talabijin ɗinka, tun ana kan dish ma ba ya gani. Ihun bayan katanga yake bi don a ce tare ake kallo. Duk Asabar ɗin nan da yake zuwa, wajenka yake zuwa.

Irin wannan yanar sau da yawa ana cire ta ido ya dawo, ina ganin ana yi a wajen aikinmu. In ya yarda, ni zan tsaya a kan komai, kuma a gidana zai sauka. Amma ni ba zai saurare ni ba. Kai ne za ka san yadda za ka faɗa masa ba tare da ka ƙara masa kunya ba.

Ina jiran amsarka, da maganar dish.

'Yarka,
Rahamatu

Gwaram

'Yata Rahamatu,

Wa alaikumus salam. Na je. Na jira ɗalibai suka tashi, na zauna kusa da shi a kan buzu. Ban yi maganar idonsa ba. Na ce masa, "Nu'uman, kunnena ya mutu, ina neman wanda zai riƙa ji mini." Sai ya lalubo hannuna ya riƙe. Muka daɗe a haka. Sauran maganar shi ya faɗe ta da bakinsa.

Ya yarda da asibitin. Ya ce bayan saukar ɗalibansa, kuma ni zan raka shi.

Ki ce wa Hafiz kada ya kawo dish. Makarar nan tana mana amfani. Jiya Malam ya zauna a gefena. Da ihu ya tashi a bayan katanga sai ya matsa min gwiwa, ni kuma in zuba ido, in ƙwallo ta shiga in ba shi labarin yadda aka yi. Ƙungiyarsa aka ci. Ya riga ni sani, amma sai da ya sa na faɗa masa tun daga inda aka ɗauko ta, kuma ya ce ƙarya nake, satar gida ce.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Ishiyaku