Na Taya Inshorar Yayata, Ba a Kira Ni Ba

Anti mai shawara, don Allah ki agaza mini, wayona ya cinye ni.

Shekara ashirin da biyu ina sayar da takalma. Aji uku na yi a sakandare, sauran karatun a bakin rumfa na ƙarasa shi. A can na koyi cewa farashin farko na gwaji ne. Ka taya, ka juya baya, kafin taku biyar an kira ka.

Yayata ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ciwon ƙoda gare ta, sau biyu a mako ake yi mata wanki a asibiti. Ni na sa ta a inshorar lafiya tun kafin ciwon ya bayyana, kuma 'yan layinmu sun gaji da jin ina yabon kaina a kan haka.

Kwanakin baya kamfanin ya aiko takarda, wai ya nemi izinin ƙara kuɗin inshora, hukumar da ke sa musu ido tana karɓar ƙorafin jama'a. Na cusa ta a kwalin takalmi. Da hukuma ta amince, na je ofishin kamfanin na harɗe ƙafa, na dire tsohon kuɗin a tebur, na ce iyakata ke nan. Ma'aikaciyar ta nuna mini hatimin hukuma, ta ce ko manajansu ba ya iya ragewa. Na yi mata dariyar 'yan kasuwa, na kwashe kuɗina, na fita sannu sannu. Har na durƙusa a bakin ƙofa ina gyara igiyar takalmina, ina jiran kira. Anti, cikon yana aljihuna a ranar.

Ba su kira ba, wa'adin biyan kuɗin ya wuce. Ran Talata na kai Yaya, aka duba katinta aka ce ya daina aiki. Tana zaune a benci da bargonta a cinya, ta ɗago tana kallona. Sai na ce mata gwamnati ce ta haɗa baki da kamfani. Tun ranar take sa mini albarka, wai ƙaninta na fama da azzalumai saboda ita. Yanzu sau ɗaya ake wankin, daga jarina. Ƙafafunta sun kumbura, ko silifas ɗin da na zaɓo mata ba ya shiga. Ni mai takalma.

Shin hukumar nan ba don talaka aka kafa ta ba? Kuma in gaya wa Yaya gaskiya?

Mai Takalma

Malam Mai Takalma, sannu da ɗawainiya. Kana da hujja ta wani gefen: ƙari yana yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, kuma takarda guda ba ta isa a ce an ji ta bakin jama'a ba. Amma cinikin da ka je yi an riga an gama shi tsakanin hukuma da kamfani. Damar tayinka ita ce takardar da ka cusa a kwali.

Yau ɗin nan ka faɗa wa likitanta dalilin rage wankin, ka tambayi ofishin taimakon marasa lafiya na asibitin. Gobe ka koma kamfanin da cikakken kuɗi, ka nemi a farfaɗo da tsohon katin a rubuce. Kada ka yi saurin yin sabuwar rajista, don za a iya gindaya sharaɗi a kan ciwon da ya riga ya bayyana. In sun ƙi, kai kuka hukumar tare da wasiƙar likita. Ban yi maka alkawarin nasara ba, amma sauraronka aikinsu ne.

Yaya kuwa, gaya mata. Ita ta raine ka, da wuya a ce ba ta san muryarka ta ciniki ba. Zauna kusa da ƙafafun nan ka nemi gafararta, kuma kada ka jira ta kira ka.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya sanyaya maka zuciya.