Bargon Ɗakin Tiyata

Litinin, 3 ga Mayu, 1976
Kuɗin man fetur sun iso ɗakin tiyatarmu. An saka iyakwandishan har biyu. Likita Lawal, sabon likitan fiɗa, ya daina zufa, amma marasa lafiya karkarwa suke a kan tebur. Maganin sanyin kuma, wai an sayo hita mai fanka, an ajiye ta a ƙasa tana hura iska. A sanyaya ɗaki da kuɗi, a ɗumama shi da kuɗi. Shekara goma sha huɗu ina aikin jinya a ɗakin nan, babu wanda ya ce, “Rifkatu, me kika gani?”

Juma'a, 7 ga Mayu
Ni dai bargona ya ishe ni. Na ulu ne, tun ina makarantar jinya nake da shi. Nakan ɗora shi a kan murfin tukunyar dafa kayan aiki ya yi ɗumi, in lulluɓe ƙafafun mara lafiya, in raka shi ɗakin kwanciya, in dawo da abina in kulle a akwatina. Ba na bai wa masu wankin asibiti, don abin da ya shiga hannunsu ya tafi ke nan.

Laraba, 12 ga Mayu
Ɗinki uku sun yi mugunya a mako ɗaya. Na uku Baraka ce, mai sayar da fura a Ƙofar Guga, wadda aka yi wa aikin haihuwa. Jikinta zafi rau.

Talata, 18 ga Mayu
Taro. An rasa wanda za a ɗora wa laifi sai Mati, dattijon da ke dafa mana almakashi da wuƙaƙe. Mutumin da ko shayinsa bai yarda ya sha kusa da tukunyar ba. Na tashi na ce hitar nan ƙurar ƙasa take kwasowa tana watsawa a cikin mutum a buɗe. Likita Lawal ya ce daga Turai aka kawo ta. Na ce ƙurar dai ta Katsina ce. An yi dariya, shi bai yi ba. Amma ya yarda a kashe ta mako biyu. In abin bai tsaya ba, Mati zai karɓi takardar sallama.

Mati ya ce da ni a baranda, “Sista, ni abin da aka ba ni shi nike dahwawa. Allah na gani.” Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya da fanshonsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Litinin, 24 ga Mayu
An kashe hita, amma ga wani ɗinkin ya sake ruɓewa. Ban gane ba.

Talata, 1 ga Yuni
Zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda a gida, Ƙofar Durbi. Yau na koma. An yi fiɗa takwas ba na nan, duk ɗinkin a bushe, tsaf. Mati ne ya dafa kayan, kamar kullum. Likita ya ce mako ɗaya ba hujja ba ne, takardar Mati na nan a kan teburinsa.

Me ya canza a makon? Ni ce ba na nan. Ni da makullin akwatina.

Laraba, 2 ga Yuni
Shirme. Bargon da ke hawa tukunya mai tafasa?

Alhamis, 3 ga Yuni
Na fito da shi na duba a rana. Murfin tukunya ɗumi kawai yake ba shi, ba dahuwa ba. Akwai tabo a gefe. Rabona da wanke shi tun Ista. Na tuna ranar Baraka na ja shi har kan cikinta bayan an gama ɗinki, saboda haƙoranta na haɗuwa. Har godiya ta yi mini.

Laifi tudu ne, in ji mutane. Amma su wa suka fara kawo sanyin? Wannan fa ba zan janye ba.

Asabar, 5 ga Yuni
Na shiga ofishin Likita Lawal na ajiye bargon a kan takardar Mati. Na faɗi abin da zan faɗa a tsaye. Na zaci zai rama dariyar taro. Sai ya ce, “Sista, hitar ma ba za ta dawo ba.” Ya yage takardar, ya ɗauko wata ya rubuta mini gargaɗi. Na farko a shekara goma sha huɗu. Da rubutunsa kamar tafiyar kaza.

Laraba, 9 ga Yuni
Yanzu zannuwan auduga Mati ke turarawa tare da kayan aiki, kowane mara lafiya da nasa. Ba su kai bargona ɗumi ba, ko kusa.

An sallami Baraka. Na sayi sabulu da lemo na kai mata gida. Ta ce, “Sista mai bargo, Allah ya saka miki.” Na buɗe baki, uwarta ta shigo da ruwa, sai na sha. Ranar Asabar zan koma in duba ɗinkin. Wataƙila in faɗa mata.

Bargon yana ƙarƙashin gadona. Na wanke shi sau uku.