Autarka Ta Sa Ni Ta Uku

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi dama, har tana takawa bakin ƙofa.

Yaya, ƙarar autarka na kawo. Ka san tun da ka bar min ita, a teburin falo muke karatu, ni ke zana mata zuciya da huhu a bayan tsohuwar kalanda. To bana malamarsu ta sa kowane ɗalibi ya haɗa shafinsa a intanet, ya tara bidiyo da littattafai da abokan karatun da ya zaɓa da kansa. Tun daga nan kujerarta ta koma wurin ajiye wanki. Sai dai in jiyo muryar wata mata daga ɗakinta tana bayanin jini, ita kuma har da dariya. Ni da na yi furfura ina koyar da wannan darasin! Na je makarantar fuska a ɗaure. Malamar ta saurare ni tsaf, ta ce ai abin da ake nema ke nan, ita ma yanzu sai abu ya cije wa yarinyar take zuwa wurinta. Na ce madalla, amma da zan fita ko gaisuwar maigadi ban amsa ba.

Shekaranjiya autar taka ta zo tana lallaɓa ni, wai in yi bayanin ƙoda ta ɗauka da waya ta sa a shafinta. Na ɗan ja aji, sannan na gyara ɗankwali na yi. Da ta nuna min shafin, sai ga ni ta uku a jerin masu bayani, ƙarƙashin matar nan mai bayanin jini da wani mai gemu. Na tambayi dalili, ta ce wai ina tsayawa yin faɗa a tsakiyar bayani. Jarrabawa dai ta ci fiye da bara, ban musa ba, na kuma yi murna. Amma wallahi abin yana cina.

Idan ka kira ta, ka tambaye ta cikin hira wa ya fi iya bayani, kada ka ce ni na sa ka. In ta ce matar nan ce, ka bar shi a cikinka.

Ka gaida Anti da tagwaye da Kawu. Inna tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Goggon yara